Majanyin Reshen da Na Zaɓa wa Surukina

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya, kuma mafi yawansu sun fara dusashewa a kaina, har wani lokaci sai in rasa ko a Sudan abu ya faru ko a Kamaru. Amma akwai wata safiya a Birmingham, a gindin wata tsohuwar bishiya, wadda na tabbata ko sauran duk sun gudu ita ba za ta bar ni ba. Yau shekara shida ke nan, har yanzu ina jin ƙarar ɗan ƙwallon nan lokacin da ya bugi ƙarfe can sama.

Ni ɗan mai amya ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ɗora amya a kan ɗorawa da tsamiya a dajin garinmu don ƙudan zuma su shiga, kuma tun ban kai shekara goma ba nake hawa in karɓi amyar da yake jawo min daga ƙasa da igiyar rama. A kan reshe muke rataya igiyar haka nan tsirara, shi yana ja, ita tana cin ɓawo. Akwai wata ɗorawa da igiyarmu ta yi wa gurbi har yatsu uku na shiga. Da reshen ya bushe, cewa muka yi kwanansa ne ya ƙare. Da na girma na shiga aikin gandun daji, aikin kuwa ya yi ta jefa ni ƙasa ƙasa, har na tsinci Fulatanci da Faransanci da Larabci da Turanci a hanya. Na ga masu hawan kwakwar manja a kudancin Kamaru da zagayen karansu. Na ga masu hawan dabino a Oman da faffaɗar ɗamararsu ta saƙa. Duk inda na sauka sai na roƙi a bar ni in gwada. Saboda haka in ana maganar hawan bishiya, ban taɓa ɗaukar kaina a matsayin mai sauraro ba.

Da na yi ritaya na zauna wajen ɗana a Ardwick, cikin Manchester. 'Yata ta fari kuwa tana Birmingham, a Sparkbrook, tana aikin jinya. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Mijinta nake kira Dakta, domin digirin dakta ya yi a kan cututtukan itatuwa. Sai dai digirin bai ba shi aiki ba. Shekara uku yana ɗaukar kwalaye a wani sito, yana dawowa gida da ciwon baya, bai taɓa yi min ƙorafi ba. A hankali ya yi kwas na hawan bishiya da datse rassa, ya samu takardunsa. Sai wata mata mai ɗan ƙaramin kamfanin gyaran itatuwa ta ce ya zo ranar Alhamis ta gwada shi yini ɗaya. In ta gamsu za ta ɗauke shi. In ba ta gamsu ba, sai ya koma sito.

Uwata ce ta gaya min a waya. Ta ce, "Komai ya haɗa, Baba. Igiya, ɗamara, hular kwano, zarto. Abu ɗaya ya rage, wai shi firikshin seba, gobe zai je ya saya."

Na ce, "Mene ne aikinsa?"

Ta ce, "Wani abu ne da ake naɗa wa reshe, igiya ta bi ta cikinsa don kada ta goge ɓawon bishiya. Baba, na ji muryarka ta canja. Please kada ka sayi komai."

Na ce, "Ki ce masa kada ya saya. An riga an saya."

Ba a saya ba, amma kafin azahar ina cikin wani shago a bayan gari, inda ake sayar da igiyoyi da kayan masu aiki a sama. Mai shagon, wani dattijo mai gemu, ya shimfiɗa min su a kan teburi. Ashe abin faffaɗan tsiri ne mai ƙarfi, da ƙawanyar ƙarfe a kowane baki. A rungume reshe da shi, a zura igiya ta cikin ƙawanyun biyu, sai igiyar ta riƙa gudu a kan ƙarfe, ɓawo ya huta, ita ma ta huta. Ina gani na tuna ɗorawar mahaifina. Nan take na sa masa suna majanyi, tun da rungumar reshe yake yi kamar yadda majanyi ke riƙe goyo.

Ya nuna min iri uku. Akwai wanda ake ƙara masa tsawo ko a rage. Akwai mai 'yar taya da igiya ke gudu a kanta. Akwai kuma na gama-gari. Abin da ya dame ni, dukkansu ƙawanya ɗaya babba ce, ɗayar ƙarama, kuma kowanne da wani ɗan ƙwallo ja a leda, bai fi ƙaramin goro ba. Ni kuwa duk rayuwata na san kayan da zai ɗauki ran mutum sai ɓangarorinsa biyu sun zama daidai. Ko mangalar jaki haka take. Idona ya faɗa kan wani tsiri a rataye a bango, mai kauri, da ƙawanyu biyu na baƙin ƙarfe, kansu ɗaya. Na ɗaga na ji nauyi, raina ya kwanta.

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, wannan yana da ƙarfi, babu shakka. Amma ba na wannan aikin ba ne. In ka sa shi a sama, ba za ka iya sauko da shi daga ƙasa ba."

Na ce, "Wanda ya kai shi sama ai shi zai sauko da shi. Tun ba a haifi mahaifinka ba nake hawan bishiya."

Ya kalle ni, ya kalli furfurarsa a madubin da ke bayan teburin, ya ce, "Ina shakka, amma to." Ya ɗauki ɗan ƙwallon yana juya shi a tafin hannu, yana shirin yi min bayani, na ce ya ajiye wa jikokinsa su yi wasa. Ya naɗe min nawa tare da takardarsa, na fito ina jin na yi wa surukina gata.

Yanzu na gane inda ilimina ya yaudare ni. Duk masu hawan da na gani a duniya, daga Kamaru har Oman, kayan hawansu a jikinsu yake. Su hau da shi, su sauko da shi. Ban taɓa ganin wanda ke barin kayan hawansa a ƙololuwa ya sauko ya bar shi ba, don haka tambayar yadda zai sauko ba ta taɓa zuwa kaina ba. Na ji maganar mai shagon sarai, kowace kalma. Ban dai saurara ba.

Ranar Laraba na shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na hau bas na bi titin Stratford na sauka kusa da gidansu. Bayan la'asar, an ci an sha, na fito da ƙunshin. Dakta ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Shekara takwas da auren, bai taɓa zama kan kujera ina kan kujera ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, kuma ban taɓa jin ya ce min a'a ba. Ya buɗe, ya kalli ƙawanyun, ya juya su. Na ga ya ɗan yi jim. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Na ce, "Waɗancan masu ƙawanya ɗaya ƙarama ban yarda da su ba. Wannan ko raƙumi zai ɗauka."

Ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

Uwata ta leƙo daga kicin ta ce, "Shi ne kuwa irin wanda kake nema?"

Ya ce, "Baba ya zaɓa."

Na ce gobe tare za mu je, in ga aikin da idona. Nan ma ya ce to.

Gidan da za a yi aikin a Edgbaston yake, na wani tsoho mai sanda, da lambu mai faɗi a baya. Bishiyar irin wadda suke kira bic ce, doguwa, jikinta santsi da toka-toka kamar na kuka, sai dai ɓawonta siriri ne, abu kaɗan ke yi masa rauni. Hukumar gari ta sa mata takardar kariya, matattun rassa kawai aka yarda a cire. Shugabar kamfanin, mace ce gajera mai kaurin hannu, ba ta da yawan magana, ta zazzage kayan Dakta a kan ciyawa ta duba ɗaya bayan ɗaya. Ta ga majanyina da takardarsa ta ajiye gefe, daga baya ta ce ta ɗauka na ko-ta-kwana ne. Ta ce masa abu biyu: kada igiya ta goge mata ɓawo yayin aiki ko saukowa, kuma kada a bar komai a kan bishiyar. Sannan ta ja jan ƙyalle ta kewaye wurin, ta nuna min bayansa.

Kafin in tsallaka, na ɗauki majanyin da hannuna na maƙala wa Dakta a ɗamararsa, na yi masa addu'a. Da ban yi haka ba, wataƙila da ya lallaɓa ya ari nata tun da fari. Amma ina tsaye ina kallo.

Ya jefa siririn zare mai ɗan buhun nauyi a baki, ya jawo igiya ta bi bayansa, ya hau. Can ƙololuwa ya naɗa majanyin, na ga ƙarfen ya yi ƙyalli. Daga nan aiki ya fara, kuma wallahi na sha kallo. Yana tafiya a kan reshe har bakinsa, igiyar na bin sa sumul, ya yanka, ya kira ma'aikacin da ke ƙasa, ya sako. Tsohon mai gidan ya kawo min shayi, muka tsaya tare.

Ya ce, "Ɗanka ne?"

Na ce, "Mijin 'yata ne."

Ya ce, "Kuma ka zo kallonsa yana aiki? Nawa surukin ko fenti yake yi, in na shigo sai ya zubar da gwangwanin."

Muka yi dariya. Na ba shi labarin Oman, na kuma gaya masa cewa abin da ke riƙe da yaron can sama ni na zaɓa.

Wajen awa uku ya yi a sama. Ya sauko rigarsa sharkaf, ga hadari ya fara haɗuwa. Shugabar ta zagaya bishiyar tana kallon wuraren da ya yanka, ta gyaɗa kai. Ta ce, "Yanka ya yi kyau. Sauko da kayanka mu tafi kafin ruwa."

Dakta ya yi ƙasa da murya, amma kunnena bai mutu ba. Ya ce, "Ba zai sauko daga nan ba. In za ki ara min naki, sai in sake hawa in ciro shi."

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wancan ka yi aiki da shi? Ba a koya muku ba a kwas?"

Ya ce, "An koya mana."

"To wa ya zaɓa maka shi?"

Ya ce, "Kuskurena ne."

Ta cire safar hannunta ta ce, "Ka ga, hannunka yana da kyau, idonka ya fi na mutanena duka. Amma mutumin da zai hau bishiya bai yi tunanin yadda kayansa za su sauko ba, ba zan iya tura shi sama in juya baya ba. Yau tsiri ne. Gobe ban san mene ne ba."

Kofin shayin na hannuna. Na ɗaga kai na kalli ƙawanyun nan biyu masu kai ɗaya, na tuna mai shago yana juya jan ƙwallo a tafinsa, na tuna jim ɗin da Dakta ya yi jiya. Ashe tun a falo ya san abin da zai faru. Ya auna, ya ga gara ya hau bishiyar sau biyu, gara ma ya rasa aikin da ya yi shekara uku yana jira, da ya ce wa uban matarsa ya yi kuskure.

Harsuna biyar nake ji, amma a ranar na rasa wanda furta wannan maganar ke da sauƙi a cikinsa. Na miƙa wa tsohon kofinsa, na ɗaga ƙyallen na shiga.

Dakta ya ce da Hausa, "Baba, don Allah ku bari."

Na ce, "Dakta, yi shiru."

Na gaya mata komai. Na ce ni na saya, mai shago ya gargaɗe ni na ƙi ji, ni na maƙala masa da hannuna. Na ce a wajenmu mutum ba ya gyara wa uban matarsa magana, ko da ya ga rami a gabansa, sai dai ya faɗa ramin a madadinsa.

Ta juya wajensa. "Tun jiya ka sani?"

Ya ce, "E."

Na zata shi ke nan an warware. Sai ta ce, "To wannan ya fi damuna. Ni ma nakan yi kuskure. Ranar da na ɗaura igiya ba daidai ba, wani yana rataye a kanta, ina son wanda zai daka min tsawa, ko a gaban wa. In ba ka iya gaya masa ba, ni za ka iya gaya min?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Ta je mota ta ɗauko nata majanyin, tsoho, duk ya koɗe, ta miƙa masa ta ce, "Je ka ciro shi tukuna." Ni kuma ta kifa min hular kwano a kan hulata, tun da na riga na shigo.

Hawan nan na biyu shi ne mafi tsawo da na taɓa kallo. An fara yayyafi, jikin bishiyar ya yi santsi, yana hawa yana tsayawa ya huta. Duk tsayawar da ya yi, a ƙirjina nake jin ta. Ya kai, ya naɗa nata, ya mayar da igiyarsa ciki, ya kwance nawa ya rataya a ƙugu, ya sauko lafiya. Bakin igiya biyu na reto a gabanmu, majanyinta na can sama.

Shugabar ta ciro jan ƙwallo daga aljihu ta miƙo min. Ta ce, "Tun da kai ne ba ka yarda da shi ba, kai za ka sauko da shi. Ɗaura a bakin igiya, ka ja ɗaya bakin."

Na karɓa. Ɗauri dai ba a koya min shi. Na kama bakin da ya fi kusa da ni na fara ƙullawa, ina tsaye daidai ƙarƙashin reshen. Zan so in ce da gangan na yi don in gwada shi, amma ba haka ba ne. Ban san akwai bambanci tsakanin bakin biyu ba.

Sai na ji murya a bayana, da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. "Baba, a'a. Ba wannan ba ne. Ku sake shi."

Na saki. Ya matso, fuskarsa kamar wanda ya fasa tulun surukarsa, amma bai tsaya ba. Ya ce, "In kuka ɗaura a nan, ƙaramar ƙawanya zai fara tararwa, ya cije, sai na hau na uku. A wancan za ku ɗaura, wanda ya sauko ta babbar. Ya wuce ta cikin babbar, ya maƙale a ƙaramar, ya jawo majanyin gaba ɗaya. Kuma ku matsa daga ƙarƙashi, ƙarfe ne zai sauko."

Shugabar ta ce, "Me ya ce maka?"

Na ce, "Ya ce na yi kuskure, kuma in matsa."

Ta ce, "Da wannan muryar?"

Na ce, "Da ita. Shekara takwas ban san yana da ita ba."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Na ɗaura inda ya nuna, ya haɗa da siririn zaren nan don kada abin ya faɗo da ƙarfi, na ja baya na fara ja. Jan ƙwallon ya yi ta hawa yana ƙanƙancewa har ya ɓace cikin ganye. Sai na ji ƙwas, ya wuce ta babbar. Sai igiyar ta yi nauyi a hannuna, ya kama ƙaramar. Na ƙara ja kaɗan, majanyin ya zame daga reshen, ya taho a hankali yana juyi har ya sauka a ciyawa. Rabon da in sauko da wani abu daga ƙololuwar bishiya, an fi shekara ashirin. Ga shi na yi, ƙafata biyu a ƙasa, kuma ko ƙwarzane babu a jikin reshen.

Tana naɗe igiya ta ce wa Dakta, ba ta ko ɗago ba, "Litinin, ƙarfe bakwai. Ka zo da wannan muryar. Wancan tsirin kuma ka bar shi a gida."

A bas Dakta ya yi ta ba ni haƙuri a kan tsawar, har na ce in ya ƙara sai na sauka. Uwata ta ji labari ta ce, "Baba, ai na ce please." Ranar Asabar na sa shi ya biyo ni Manchester, muka koma shagon. Mai gemu ya gan ni ya ce, "Bai sauko ba ko?" Na ce a ba ni kujera. Ina zaune Dakta ya zaɓa, yana yi min bayani ina tambaya. Ya ce mai taya ya fi santsi, amma ya fi saurin maƙalewa a matsattsiyar gwafa. Ya ce tsawon ya dace da kaurin rassan da zai fi haɗuwa da su. Ya ce ƙwallon dole ya zama na majanyin, ya gwada a gabana, ya wuce babbar ya tsaya a ƙaramar, sau uku. Ya ɗauki na gama-garin nan da na fara rainawa. Na ce baƙin ƙarfe dai ya fi jure gugar igiya, ya ce, "Wannan kam gaskiyarku ne, Baba." Na ji daɗin wannan gaskiyar fiye da duk "haka ne" ɗin da ya yi min a shekara takwas, domin yanzu na san da ba haka ba ne da ya faɗa.

Yau shi ke jagorantar mota guda da mutanensa. Har yanzu ba ya cin abinci a gabana, kuma ban nemi ya canja ba. Nawa majanyin yana bayan gidansu, a wani reshe da hannu ke kaiwa, yana riƙe da lilon jikokina.

Abin da na koya shi ne, ladabin da ake yi wa babba yana iya zama igiyar da ta ɗaure bakin mai gaskiya, kuma babban ne kaɗai zai iya kwance ta. Tun daga ranar, in zan yi wa na ƙasa da ni alheri a kan abin da ya fi ni sani, sai na fara tambayarsa. In ya ce min "haka ne, Baba" da sauri, sai in gyara zama in ce, "To, yanzu gaya min gaskiya."